Jinsi, Zaman Aure Da Ƙwarin Gwiwar Daina Shan Giya Yayin Karɓar Magani

A cibiyoyin da ake kula da masu fama da jarabar giya akwai wata tambaya da ma'aikatan lafiya kan yi wa majinyaci tun ranar da ya fara zuwa, su kuma sake yi masa ita ranar sallama. Sukan kawo masa misalin wani hali, kamar ranar da ya yi faɗa da iyalinsa, ko ranar da albashi ya shigo, ko wurin biki inda kowa ke riƙe da kwalba, sannan su ce ya faɗi ko kashi nawa cikin ɗari yake da tabbacin ba zai sha ba. Amsar da ya bayar ita ce ma'aunin abin da masana halayyar ɗan Adam ke kira ƙwarin gwiwar ƙaurace wa giya, wato yardar da mutum ya yi wa kansa cewa zai iya kame bakinsa a wani hali takamaimai. Shekaru fiye da 40 ke nan ana nazarin wannan ma'auni, kuma ya tabbata yana cikin abubuwan da ke nuna wanda zai ɗore da wanda zai koma ruwa. Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne yadda zaman aure ke shafar lamarin, domin tasirinsa a kan namiji daban yake da tasirinsa a kan mace.

Asalin ma'aunin

Albert Bandura, masanin halayyar ɗan Adam haifaffen Kanada da ya koyar a Jami'ar Stanford ta Amurka, shi ne ya shimfiɗa wannan ra'ayi a 1977. A bayaninsa, mutum ba ya jure wahalar sauya ɗabi'a sai ya yarda cewa yana iyawa, kuma wannan yarda daga wurare huɗu take fitowa: nasarar da shi kansa ya taɓa samu, ganin wani irinsa ya yi nasara, ƙarfafawar da yake ji daga bakin mutanen da yake ganin girmansu, da kuma halin da jikinsa da zuciyarsa ke ciki a lokacin. Na farko ya fi sauran ƙarfi nesa ba kusa ba. Mutumin da ya halarci biki sau uku ya dawo gida bai sha ba yana da hujja a hannunsa wadda wa'azi ko lallashi ba za su ba shi ba.

Ya kamata a bambanta wannan da niyya. Mashayi na iya ƙudurta dainawa da zuciya ɗaya, ya yi rantsuwa a gaban iyayensa, alhali a can cikin ransa bai yarda zai iya wuce ƙofar mashayar unguwarsu ba tare da ya leƙa ba. Ya kuma bambanta da jin kai ko cika baki, saboda ba a kan mutum gaba ɗayansa ake auna shi ba, a kan hali guda ne bayan hali guda.

G. Alan Marlatt na Jami'ar Washington da abokiyar aikinsa Judith Gordon ne suka ɗauko ra'ayin suka shigar da shi fagen maganin shaye-shaye, a littafinsu na 1985 kan hana komawa sha. Marlatt ya bi labarin waɗanda suka koma bayan sun daina, ya ga cewa kusan kashi uku cikin huɗu na komawar sun faru ne a ɗaya daga cikin halaye uku: ɓacin rai ko ƙunci, saɓani da wani, da matsin lambar abokan sha. Ya kuma lura da wani tarko: wanda ya kurɓa sau ɗaya bayan watanni yakan yanke wa kansa hukuncin cewa ya riga ya faɗi, daga nan sai ya ce in an jiƙe ba a tsoron ruwa, kurɓa ɗaya ta zama mako guda cikin maye. A birnin Toronto na Kanada, Helen Annis ta tsara takardar tambayoyi da ke auna tabbacin majinyaci daga sifili zuwa kashi 100 a halaye daban-daban. A 1994 kuma Carlo DiClemente da abokan aikinsa suka fitar da ma'auni mai tambayoyi 20, wanda ya kasa jarabawar gida huɗu: lokacin ɓacin rai, lokacin annashuwa cikin jama'a, lokacin ciwon jiki ko damuwa da wasu, da lokacin da jiki ke neman giya da ƙarfi.

Shin amsar majinyaci tana faɗin gaskiya? Sau da yawa tana faɗa. Wani bincike da aka buga a 2005, wanda ya bi maza kusan 3,000 da aka yi wa magani a asibitocin tsofaffin sojojin Amurka, ya gano cewa cikakken tabbaci a ranar sallama shi ne ya fi komai nuna wanda za a samu bai koma ba bayan shekara guda. Sai dai ma'aikatan da suka daɗe a aikin sun san cewa tabbacin da aka furta a ɗakin asibiti, inda babu giya kuma babu mai tayi, yana da araha. Wanda ya ce kashi 100 a kowane hali tun makon farko, ba tare da ya iya faɗin abin da zai yi in tsohon abokinsa ya kira shi ba, shi ne ake ƙara sa wa ido.

Inda maza da mata suka rabu

Yawan masu sha ya fi karkata ga maza a ko'ina. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a Yunin 2024 ya nuna cewa giya ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 2.6 a shekarar 2019, miliyan 2 daga cikinsu maza ne, kuma kimanin mutum miliyan 400 ne ke da matsalar sha a faɗin duniya. Wannan rinjaye ya sa aka daɗe ana gina hanyoyin magani a kan abin da aka gani a jikin maza, aka ɗauka mata ma haka suke.

Jikin mace kuwa ba haka yake karɓar giya ba. Ruwan da ke jikinta bai kai na namiji mai nauyinta ba, don haka in sun sha daidai wa daida, barasar da ke jininta ta fi yawa. Hantarta kan lalace da wuri kuma da shan da bai kai nasa ba, sannan tazarar da ke tsakanin fara sha da shiga matsala ta fi gajarta a wurinta. Matan da ke isa cibiyoyin magani sukan zo da ciwon damuwa da fargaba fiye da maza, da yawansu kuma suna ɗauke da tarihin cin zarafi.

Duk da haka, da aka zo auna sakamako, sai aka ga bambancin bai kai yadda ake zato ba. Kimberly Walitzer da Ronda Dearing, masu bincike a birnin Buffalo na jihar New York, sun tattara nazarce-nazarcen da aka yi kan komawa sha suka buga sharhinsu a 2006. Sun samu cewa yawan komawa giya kusan ɗaya ne tsakanin maza da mata, kuma ƙarancin ƙwarin gwiwa yana kai kowannensu ƙasa ba tare da zaɓe ba. Wato mace ba ta fi namiji rauni a wannan fage ba, duk da abin da ake yawan faɗa.

Bambancin yana cikin wurin da jarabawar ke fitowa. A 2013 John Kelly da Bettina Hoeppner na Jami'ar Harvard sun sake duba bayanan wani babban gwaji da aka gudanar a Amurka mai suna Project MATCH, wanda ya ƙunshi majinyata 1,726. Sun ga cewa abin da ya fi taimakon maza shi ne sauya abokai da samun tabbacin za su iya ƙin sha a cikin taro. Ga mata kuwa, abin da ya fi alaƙa da ɗorewarsu shi ne tabbacin cewa za su iya jure baƙin ciki, fushi ko kaɗaici ba tare da sun nemi kwalba ba. Namiji yakan faɗi ne a majalisa, mace kuma a ɗaka.

Aure: garkuwa ga wani, nauyi ga wata

Babu shakka aure na da kariya kafin matsala ta fara. Kenneth Kendler da abokan aikinsa sun bi bayanan mutum fiye da miliyan 3 a ƙasar Suwidin, suka buga sakamakon a 2016: auren fari ya rage haɗarin faɗawa matsalar giya da fiye da rabi, ga maza da mata baki ɗaya. Sun kwatanta 'yan'uwan juna, har da tagwaye, don kada a ce dama masu natsuwa ne ke yin aure, kuma kariyar ba ta ɓace ba. Amma akwai sharaɗi. In abokin zaman yana da matsalar sha, kariyar kan ɓace, haɗarin ma ƙaruwa yake yi ga maza da mata baki ɗaya. Wani nazarin da suka fitar a 2017 ya nuna cewa mutuwar aure na ninka haɗarin sau da dama ga jinsin biyu.

Bayan matsala ta kankama an shiga magani, a nan ne hanya ke rabuwa. Sharhin Walitzer da Dearing ya nuna cewa aure na rage wa namiji haɗarin komawa, amma ga mace, aure da rikicin cikinsa suna cikin abubuwan da ke mayar da ita. Dalilin da suka kawo mai sauƙin ganewa ne. Namiji mashayi galibi yana auren macen da ba ta sha, ko mai sha kaɗan, saboda haka in ya dawo daga asibiti gida ne babu giya, kuma akwai wadda ke fatan ya warke. Mace mashayiya kuwa sau da yawa mijinta ma yana sha, wani lokaci ma shi ne ya fara miƙa mata. Tana dawowa ta iske kwalba a inda ta bar ta, ga kuma mutumin da dainawarta ke tona wa asiri.

In aka ɗora wannan a kan ginshiƙan Bandura huɗu, za a ga yadda gida ke gina tabbaci ko ya rushe shi. Abokin zama shi ne misalin da ake gani kullum. Bakinsa ne ake ji safe da yamma. Zaman lafiya ko tashin hankalin da ke tsakaninsu shi ne ke saita zuciya. Kuma shi ne ke iya buɗe ko toshe damar samun ƙananan nasarorin da tabbaci ke tsayawa a kansu. Saboda haka kalmar "mai aure" da ake rubutawa a katin asibiti ba ta faɗi komai ba tukuna. Sai an tambaya: wa ke gidan, yana sha, kuma me yake cewa in majinyaci ya yi tuntuɓe?

Ko matar da ba ta sha ma tana iya zama sanadin komawa ba da niyya ba. Timothy O'Farrell da abokan aikinsa sun nuna a 1998 cewa mashayan da abokan zamansu ke yawan suka da gori sun fi saurin komawa, kuma sun fi sha in sun koma. Ba a ga laifin matar da ta sha wuya shekara da shekaru, an sayar da kayan ɗakinta, an bar ta da bashin kuɗin makaranta, in ta shinshina bakin mijinta ko ta laluba aljihunsa. Sai dai saƙon da yake karɓa daga wannan shi ne ba a yarda zai iya ba, kuma wanda ake maimaita wa haka kullum yakan gaskata.

Marasa aure ba rukuni ɗaya ba ne. Saurayin da bai taɓa aure ba matsalarsa yawanci abokai ce da yawan lokacin da ba mai tambayarsa inda ya kwana. Wanda giya ta kashe wa aure yana ɗauke da nadama da kaɗaici, waɗanda su ne halin ɓacin ran da Marlatt ya sa a sahun gaba. Bazawarar da ta rabu da miji mashayi kuwa, wani lokaci rabuwar ce ke ba ta damar farko ta yin wata guda a gidan da babu giya.

Yadda lamarin yake a Najeriya

Waɗannan bincike a Amurka da Turai aka yi su, inda gida yake nufin miji da mata da 'ya'yansu. A nan gida ya fi haka faɗi, kuma wannan na iya zama alheri ko akasinsa. Mutumin da ba shi da mata yana iya samun uwa, yaya ko kawu da zai tsaya masa tsayin daka. Mai mata biyu ko uku kuma yana iya samun kansa a gidan da shansa ya zama makamin kishi, kowace tana ɗora wa 'yar'uwarta laifi.

Yanayin sha ma ya bambanta daga yanki zuwa yanki. A sassan Filato, Binuwai, Taraba, Adamawa da kudancin Kaduna, burkutu na cikin zaman jama'a, ana shan sa a gayya, a kasuwa da wajen bukukuwa, kuma mata ne galibi ke dafa shi su sayar. Matar da wannan ce sana'arta, da ita take ciyar da gida, in aka ce ta ƙaurace wa wurin sha an ce ta bar abincinta ke nan. Dole shirin maganinta ya taɓo batun wata sana'ar. A kudu akwai bammi da ogogoro. A birane kuma ga barasa mai ƙarfi ta leda da ƙananan kwalabe, mai arha da sauƙin ɓoyewa, wadda hukumar NAFDAC ta fara yunƙurin hana sayarwa a Fabrairun 2024, aka kuma yi ta kai-komo a kan batun. A jihohin da ke aiki da shari'ar Musulunci tun daga shekarar 2000, sha ya koma ɓoye. Hanin addini da na doka yana kare mutane da yawa daga farawa, amma wanda ya riga ya kamu yakan rasa wanda zai faɗa wa.

Wannan ɓoyo ya fi tsananta a kan mace. Namijin da aka san yana sha akan ce Allah ya shirye shi, matarsa kuma a ba ta haƙuri. Macen da aka sani kuwa tana fuskantar saki, da raba ta da 'ya'yanta, da tabon da zai bi ƙannenta har wajen neman aure. Ga kuma batun izini da kuɗi: matar aure da yawa ba za ta iya kwana a asibiti na makonni ba sai da yardar miji da aljihunsa, kuma babu mai riƙe mata yara. Binciken ƙasa kan shan ƙwayoyi na 2018, wanda Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da ƙwayoyi, ya ƙiyasta masu amfani da ƙwaya miliyan 14.3, ɗaya cikin kowane huɗu mace ce, alhali matan da ke shiga cibiyoyin magani ba su wuce ɗaya cikin 20 ba. Giya ba ta cikin wannan ƙidaya, amma ƙofar da ta rufe wa waɗancan matan ita ce dai ke gaban mai fama da giya. Macen da ta iso asibiti bayan ta tsallake duk wannan, tana iya ba da amsa mai ƙasa a ma'aunin tabbaci, ba don raunin zuciya ba, sai don ta san gidan da za ta koma.

Abin da ake yi a wajen magani

Amfanin ma'aunin shi ne yana nuna inda za a sa ƙarfi. In majinyaci ya ce kashi 90 a lokacin ɓacin rai amma kashi 20 a wurin biki, sai a zauna da shi a gwada yadda zai ƙi tayi, da kalmomin da zai faɗa, da wanda zai raka shi, da lokacin da zai tashi ya tafi. Akan fara da hali mai sauƙi a hau zuwa mai wuya, domin kowace nasara ta zama tsani. Mai rauni a wajen baƙin ciki kuma, maganin ciwon damuwar da ke ƙasa shi ne farkon aiki. Akan kuma koya wa kowa tun da wuri cewa kurɓa ɗaya tuntuɓe ne da za a tashi daga gare shi a ranar, a kira ma'aikacin lafiya, a duba abin da ya jawo.

Akwai tsarin magani na ma'aurata wanda O'Farrell, da kuma Barbara McCrady da Elizabeth Epstein, suka yi fice a kansa. A tsarin O'Farrell, kowace rana majinyaci zai faɗa wa abokin zamansa ƙudurinsa na ƙin sha a wannan yini, shi kuma ya gode masa, su yi alama a kalanda, tare da alƙawarin ba za a tono abin da ya wuce ba sai a gaban mai ba da shawara. Abin kamar wasa, amma yana maye gurbin bincike da zargi da wata al'ada ta minti biyu. A gwajin da McCrady da abokan aikinta suka buga a 2009 kan mata 102 a Jami'ar Rutgers, waɗanda aka haɗa da mazajensu sun fi samun ranakun da ba su sha ba a kan waɗanda aka gani su kaɗai. Mazajen da suka yarda suka zo ne aka gwada, kuma wannan kansa zaɓe ne. Ba a amfani da tsarin inda ake duka mai tsanani ko mace ke tsoron mijinta, shi ya sa ake fara ganin kowannensu shi kaɗai kafin a haɗa su.

Magunguna irin su naltrexone da acamprosate suna rage ƙarfin sha'awar giya, disulfiram kuma yana sa jiki ya ƙi ta, kuma duk likita ne ke rubuta su. Ƙungiyoyin taimakon juna, waɗanda suka samo asali daga Alcoholics Anonymous da aka kafa a jihar Ohio a 1935, suna samar da ginshiƙi na biyu na Bandura, wato ganin wani irinka ya yi shekara biyar bai sha ba. Mata da yawa sun fi sakin jiki a zaman da babu maza, musamman in maganar ta kai ga abin da ke faruwa a cikin ɗaki.

Wanda ya daɗe yana sha da yawa kullum bai kamata ya yanke lokaci ɗaya a gida ba, komai ƙarfin tabbacinsa. Rawar jiki da gumi kan fara cikin awa 6 zuwa 24 bayan sha na ƙarshe, farfaɗiya na iya biyo baya cikin kwana biyu, sannan a kwana na biyu zuwa na huɗu wasu kan shiga ruɗewa da gane-gane mai iya kisa, abin da iyali kan ɗauka aljanu ne su nufi wani wajen da shi. Asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato, Maiduguri, Aro a Abekuta, Yaba a Legas, Uselu a Benin, Inugu da Kalaba suna karɓar masu wannan matsala, haka ma sassan lafiyar ƙwaƙwalwa na asibitocin koyarwa. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta tanadi haƙƙin majinyaci na a riƙe sirrinsa, kuma mace na iya neman a fara jin ta bakinta ita kaɗai kafin a kira kowa daga gida.